Yadda Za Ka Shirya Fim da Ƙashin Kanka a Legas Ba Tare da Jarinka Ya Nutse Ba

Duk matashin da ya same ni a Agege ko Idi-Araba ya ce yana son ya zama furodusa, abin da nake fara tambayarsa shi ne wanda zai sayi fim ɗin. Yawanci sai ya shiga ba ni labarin da ya tsara, da jarumin da yake hange, da kyamarar da ya ga ana bayarwa haya a Surulere, tambayata kuwa tana nan ba a amsa ta ba. Furodusa mai zaman kansa, wato wanda babu wani babban kamfani ko gidan talabijin da ya tsaya masa, shi ne mai nemo kuɗi, ya ɗauki ma'aikata, ya sa hannu a kowace yarjejeniya, ya sallami kowa, sannan ya tsaya shi kaɗai a gaban masu jari idan fim bai mayar da uwar kuɗi ba. Darakta yana iya komawa gida da yabo ko da an yi asara, jarumi ya riga ya karɓi hakkinsa ya wuce wani lokeshin, bashin kuwa yana wuyan furodusa. Abin da zan faɗa a nan ya shafi mace da namiji duka, domin mata da dama sun riƙe wannan sana'a da kyau a Kudu da Arewa.

Tun farkon masana'antar, kasuwa ce ke gaba. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, a 1992 kuma Kenneth Nnebue, wanda ɗan kasuwar kayan lantarki ne a nan Legas, ya shirya Living in Bondage. Nnebue ya san hanyar da kaset ke bi daga shago zuwa ɗakin mai kallo tun kafin a kunna kyamara, kuma wannan sanin ne ya sa kuɗinsa suka dawo. Waccan kasuwar ta kaset da faifai, wadda kasuwannin Idumota a Legas da Ƙofar Wambai a Kano suka riƙe shekara da shekaru, satar fasaha da wayar hannu sun karya ta. Don haka aikinka na farko shi ne ka zaɓi ƙofar da fim ɗinka zai bi a yau, domin ita ce za ta faɗa maka tsawonsa, da kasafinsa, har da irin labarin da ya dace da shi.

Ƙofar talabijin ita ce mafi kwanciyar hankali ga mai farawa. Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da Africa Magic Hausa da ke kan DStv, duk suna nuna finafinan Hausa. Sai dai ka bambance ciniki iri biyu da kyau. Akwai wanda tasha ke ba ka kuɗi ka shirya mata, a nan fim nata ne har abada, kai ladan aikinka kawai za ka ci. Akwai kuma wanda ka shirya da kuɗinka, tasha ta karɓi izinin nunawa na wani wa'adi, shekara ɗaya ko biyu, bayan nan fim ya dawo hannunka. Kafin ka sa hannu, ka nemi a rubuta tsawon wa'adin, da ƙasashen da izinin ya shafa, da ko kana da damar saka fim ɗin a YouTube a cikin wannan lokaci, da ranar da za a biya ka. Furodusoshi da yawa sun sayar da komai a takarda ɗaya saboda matsin bashi, daga baya suna kallon fim ɗinsu yana yawo a tashoshi ba su da ko sisi a ciki.

YouTube ita ce ƙofar da finafinai masu dogon zango suka fi bi yanzu, kuma a nan ne matasa suka fi ruɗuwa. Kafin kamfanin ya fara raba kuɗin talla da kai a kan dogayen bidiyo, sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12, kuma ba a turo kuɗi sai sun kai dala 100. Abin da talla ke biya ya danganta da ƙasar da mai kallo yake, kallo daga Najeriya ko Nijar bai kai na Ingila ko Amurka daraja ba, saboda haka yawan masu kallo kaɗai ba ya nuna abin da zai shigo aljihu. Wannan ne ya sa masu shirya dogon zango ke neman tallan 'yan kasuwa su saka a cikin shirin da kansu. Shawarata a nan guda biyu ce. Ka buɗe tashar da sunan kamfaninka, kalmar sirrin tana hannunka, domin wanda ya mallaki tasha shi ya mallaki masu kallo. Sannan kada ka saki kashi na farko sai ka gama ɗaukar zangon gaba ɗaya, saboda mai kallon da ya saba da daren Laraba, idan ya zo sau biyu bai tarar da komai ba, ya koma wani shirin ke nan.

Sinima kuwa tana da ƙyalli, musamman tun da fim ɗin Funke Akindele ya haura naira biliyan 1 a farkon 2024, amma ka yi lissafi da idon basira. Ba ka kai fim Filmhouse ko Silverbird ko Genesis kai tsaye, sai ta hannun kamfanin rarrabawa irin su FilmOne. Daga kuɗin tikiti za a cire haraji, gidan sinima ya ɗauki babban kaso, mai rarrabawa ya ɗauki nasa, ragowar ce taka, kuma a cikinta za ka fitar da abin da ka kashe a talla. Fim ɗin Hausa zalla yana shan wuya kafin ya sami lokaci mai kyau a sinimomin Lekki da Ikeja. Ga mai fim na farko, ya fi sauƙi ya kama zauren taro kusa da jama'arsa, ya sayar da tikiti, ya gayyaci masu hali su saya wa wasu. Manyan manhajojin kallo na ƙetare ma kada ka gina kasafinka a kansu: a Janairun 2024 Amazon ta janye daga ba da kwangilar sababbin finafinai a Afirka, alhali mutane da yawa sun riga sun sa rai.

Idan ka tsayar da ƙofa, sai labari. A nan nake ganin Bahaushen Legas yana zaune a kan dukiya bai sani ba. Hausawa sun fi shekara ɗari a Zangon Agege, tun zamanin fataucin goro, kuma akwai 'ya'ya da jikoki da aka haifa a nan waɗanda ke haɗa Hausa da Yarabanci da Burokin a jimla ɗaya. Akwai 'yan gwari da ke sauke tumatir da albasa a Mile 12 tun kafin asuba, da mahauta da fataken shanu a Oko-Oba, da 'yan canji, da yaron da ya sauka daga tirela da leda ɗaya a hannu yana neman ɗan garinsu. Kano ba za ta iya ba da waɗannan labaran kamar yadda kai za ka ba da su ba, masu shirya finafinan Kudu kuma sun daɗe suna nuna Bahaushe a matsayin maigadi kawai. Ban da daɗin labarin, akwai sauƙin kuɗi a ciki, domin gidajen da kasuwannin da fuskokin duk suna kusa da kai. Ka nemi marubuci ya taƙaita wuraren ɗauka da yawan 'yan wasa, tun da kowane sabon wuri mota ce da mai da rabin yini. Idan kun daidaita, ku rubuta cewa ya sayar maka da labarin ko ya ba ka izini, saboda dokar hakkin mallaka ta 2022 ba ta amince da miƙa hakki da fatar baki ba, sai a rubuce.

Ka yi wa kamfaninka rajista a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar buɗe ƙaramin kamfani shi kaɗai. Ka buɗe asusun banki da sunan kamfanin, ka karɓi lambar haraji. Babu tashar da za ta biya ka ta asusun da kake sayen cefane da shi.

Maganar jari ita ce wurin da zumunci ya fi lalacewa. Bankin Masana'antu ya taɓa ware asusun NollyFund a 2015, Babban Banki ma ya fito da shirin ba masu fasaha rance a 2019, amma irin waɗannan suna neman takardu da tarihin aiki da wanda zai tsaya maka, abubuwan da mai farawa ba shi da su. Mafi yawanmu a wurin 'yan kasuwarmu muke samun kuɗin farko: wani Alhaji a kasuwa, ko ɗan canji, ko yayan da ke harkar shanu. Kafin ka karɓi ko naira ɗaya, ku fayyace abu guda a gaban shaidu biyu, a kuma rubuta: rance ne ko hannun jari? Idan rance ne, za ka biya ko fim ya ci ko ya faɗi. Idan jari ne, shi da kuɗi kai da aiki, to a faɗi kason kowa a riba, a kuma faɗa masa ƙarara cewa ana iya yin asara, kuma kuɗin fim ba sa dawowa da saurin kuɗin tumatir, wani lokaci sai an shekara ana jira. Ɗan kasuwar da ya saba juya kuɗinsa kowane mako zai fara kiranka tun kuna tacewa, wato aikin edita, idan ba ka gaya masa wannan tun farko ba. Ka kuma yi hattara da mai jarin da sharaɗinsa shi ne a ba wani nasa babban matsayi a fim, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kada ka jinginar da gidan gado, kada ka taɓa kuɗin makarantar yara.

Wajen kasafi, ka zauna da darakta da mai kula da shiri ku warware labarin fitowa bayan fitowa, ku ga kwana nawa za a yi, wa ake bukata kowace rana, da wane kaya. Kuskuren da na fi gani shi ne a cinye kuɗi duka a lokeshin, a dawo da hotuna masu kyau babu kuɗin tacewa. Tun kafin ranar farko ka ware kuɗin edita, da gyaran sauti da launi, da fassarar ƙasan allo, da tantancewa, da fasta da talla, ka ajiye su inda hannunka ba zai kai da sauƙi ba. Ka ƙara aƙalla kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 darajar naira kuma ta faɗi, farashin da aka ba ka wata uku da suka wuce ya zama tarihi, don haka ka sake tambayar kuɗin hayar kyamara da fitilu da janareta ana saura mako guda.

Legas ta fi ko'ina a ƙasar nan ƙwararrun masu ɗaukar hoto da sauti da haske, da wuraren hayar kayan aiki, kuma wannan ita ce babbar ribar zama a nan. Sai dai yawancinsu ba sa jin Hausa. Ka ba su fassarar labarin da Turanci, ka kuma sa mutum ɗaya wanda aikinsa shi ne sauraron harshe, domin mai ɗaukar sauti ba zai gane an yi tuntuɓen baki ba, edita ma zai iya yanke magana a tsakiyarta. Idan za ka ɗauko fitaccen jarumi daga Kano ko Kaduna saboda fuskarsa ta sayar da fasta, ka tara duk fitowarsa a kwana biyu ko uku, ka lissafa jirgi da masauki, ka ba da kafin alƙalami, ragowar kuma sai ya kammala. Sauran matsayi ka nema a cikin unguwa, akwai masu baiwa a Agege da Obalende da ba a taɓa gwada su ba. 'Yan mata kuwa ka je da kanka ka gaida iyayensu ka yi musu bayani, ka tanadi masauki na daban da mace babba mai kula da su, a tashi aiki a kan lokaci. Sunanka a unguwa ya dogara da wannan fiye da yadda ya dogara da kyan fim. Abinci ya zo a kan kari, a tsaya a yi salla, ranar Juma'a kuma a tsara aikin da la'akari da masallaci.

Izinin ɗauka hawa biyu ne. Na hukuma yana wurin hukumar tace finafinai ta Jihar Legas, kuma idan za ku fito titi ko za a nuna kakin ɗan sanda ko bindigar wasa, ka sanar da ofishin 'yan sanda na yankin a rubuce. Na'urar ɗaukar hoto mai tashi sama tana bukatar izini na musamman daga hukumar kula da sufurin jiragen sama, balle a Agege da ke maƙwabtaka da filin jirgin Murtala Muhammed. Hawa na biyu shi ne na mutanen wuri: Sarkin Hausawa, da Baale, wato mai unguwa na Yarabawa, da shugabannin kasuwa, da matasan layin. Idan ba ka shigo ta hannun manya ba, samarin unguwa za su tsayar da kai da zarar an kafa fitila, kuma farashinsu a lokacin ya ninka. Ni nakan ɗauki biyu ko uku daga cikinsu aikin tsare hanya da ɗaukar kaya, a biya su kamar kowane ma'aikaci.

Na taɓa yin sakaci a wannan wajen, kuma har yau ina jin zafinsa. Mun sami wani tsohon gida mai tsakar gida da rijiya kusa da layin dogo, muka daidaita da maigidan da baki, na ba shi kuɗin kwana biyar. Ran nan da hantsi, rana ta uku, an shimfiɗa tabarma, dattijuwar da ke fitowa a matsayin uwa ta zauna da faranti tana tsince shinkafa, mai sauti ya ɗaga sandarsa yana jiran jirgin sama ya wuce, sai ga ƙanin maigidan ya shigo ya tsaya a gaban kyamara, ya ce gidan na gado ne kuma ba a shawarce shi ba. Mun riga mun ɗauki rabin fim a wannan tsakar gida, ba mu da halin sauya wuri. Aka yi ta magana har la'asar, mutum ashirin suna zaune, janareta tana shan mai, kuɗin hayar kyamara yana tafiya, a ƙarshe na biya kuɗi na biyu daga abin da na ware wa edita. Tun daga ranar ba na shiga gida sai na tambayi ko na gado ne, na kuma sami sa hannun duk mai hakki a takarda ɗaya mai ɗauke da kwanaki da awanni da abin da za a taɓa a gidan.

Sauti shi ne babban abokin gabar mai fim a Legas. Ka ziyarci wurin a daidai lokacin da za ku yi ɗauka, ka tsaya shiru minti goma ka saurara: janaretan maƙwabta, injin markaɗe, lasifikar masallaci da ta coci, jirgin ƙasa, kwandastan danfo. Mai kallo yana yafe hoton da bai yi kyau sosai ba, amma ba ya zama a kan maganar da ba ya ji. Ka kama wa ma'aikata masauki kusa da lokeshin, saboda wanda zai tsallako gadar Third Mainland kowace safiya ba shi da tabbacin lokacin isowa. Ruwan sama ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, don haka kowace ranar da aka tsara ɗaukar waje a ajiye wata fitowar cikin ɗaki da za a koma kanta idan hadari ya taso. Kowane dare a kwafe abin da aka ɗauka a ma'ajiya biyu, ɗaya ta kwana a wurinka.

Bayan tacewa sai tantancewa. Hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ita ke duba fim ta ba shi matakin shekarun masu kallo, kuma tashoshi da sinimomi za su nemi takardarta. Idan kana son kasuwar Kano ko za ka yi aiki da 'yan wasan can, ka san cewa jihar tana da tata hukumar tun 2001, kuma a 2025 ta dakatar da wasu finafinai masu dogon zango saboda ba su bi ta hannunta ba. Gara ka san ƙa'idojin sutura da rawa da taɓa jiki tun a matakin rubutu da a ce ka yanke fitowar da ka kashe wa kuɗi. Kiɗa da waƙa ma ka sa a yi maka naka, da yarjejeniya a rubuce, domin waƙar wani ta daƙiƙa talatin tana iya sa YouTube ta karkatar da kuɗin tallan ga mai waƙar.

Game da rayuwar kanta, zan gaya maka abin da na gani. Wanda ya fara da yi wa wani furodusa hidima a fim biyu ko uku, yana riƙe littafin kuɗi da jadawali, ya fi wanda ya faɗo da jakar kuɗi daɗewa a sana'ar. Akwai wuraren koyo: MultiChoice Talent Factory da aka fara a 2018 tana da makaranta a Legas, akwai EbonyLife Creative Academy, akwai kuma Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa a Jos. Ka shiga ƙungiya, MOPPAN ta masu harkar fim a Arewa ko ƙungiyar furodusoshi ta AMP, saboda ranar rigima da ɗan wasa ko mai jari. Kuɗin fim suna zuwa ne a dunƙule sannan a yi watanni shiru, shi ya sa yawancinmu muke riƙe gida da ɗaukar tallace-tallace da bukukuwa da shirye-shiryen wayar da kai na ƙungiyoyi, kuma babu abin kunya a ciki. Ka gaya wa iyalinka gaskiyar wannan tun da wuri. Ka riƙa leƙa bikin baje kolin finafinai na AFRIFF da ake yi a Legas, inda masu saye da masu rarrabawa ke taruwa, ka kuma tura aikinka gasar AMVCA, wadda ke ba finafinan harsunan gida kyauta.

Idan kuɗi sun fara shigowa, ka fara da sauran hakkin ma'aikata, sannan masu jari, kai ne na ƙarshe. Duk wata uku ka kai wa mai jari lissafi a rubuce, abin da ya shigo daga kowace tasha da abin da ya fita, ko da lissafin ba mai daɗi ba ne, domin mutumin da ya ga takarda a lokacin asara yakan sake ba da kuɗi a fim na biyu, kuma yakan gaya wa abokansa a kasuwa. Daga nan ka tattara asalin fim ɗin mai cikakken inganci, da wani kwafin da aka raba magana da kiɗa saboda masu son juya shi zuwa wani harshe, da fassarar Turanci, da takardar tantancewa, da yarjejeniyar marubuci da ta 'yan wasa da ta mawaƙi, ka adana su wuri biyu. Doka ta ba fim kariyar shekara 50 daga fitowarsa, kuma duk tashar da ta zo neman izinin nunawa bayan wa'adin farko ya ƙare, waɗannan takardun za ta fara tambaya kafin a yi maganar farashi.